Kafin a Ɗora wa Turbo Laifi

"Oga, motar nan ba ta ja." Yawanci iyakar bayanin da direba ke kawowa gareji ke nan. In an matsa masa sai ya ƙara da cewa tana nishi a hawa, ko ya taka totur har ƙasa amma ɗan acaɓa ya wuce shi yana waiwaye. In kuwa motar mai shan gas ce, wato dizal, kafin ya rufe baki wani cikin 'yan zaman benci ya riga ya yanke hukunci: turbo ne. Hukuncin na da daɗin faɗa, don ba sai an tashi daga zaune ba, kuma ba daga aljihun mai faɗar kuɗin za su fita ba. Akwai bakaniken da shi ma a nan iliminsa ya tsaya. Zai kwance turbo, ya tura mai mota Ƙofar Ruwa ko Panteka ya sayo ɗan Beljiyam, ya ɗaura, motar ta fita yadda ta shigo. Akwai kuma wanda zai ajiye sifana, ya goge hannu da tsumma, ya ce, "Alhaji, zauna tukuna mu yi magana." Aikin wannan na biyun ne ya cancanci a tsaya a kalla.

Sai mun san abin da ake tuhuma kafin mu bi shi. Injin gas ba shi da fulogi mai tartsatsi. Fistin ne ke matse iska cikin silinda har ta koma kashi ɗaya cikin kusan 20 na girmanta, matsin ya sa zafinta ya haura digiri 500, sannan nozul ya fesa mai a kanta, man ya kama da kansa. Ƙarfin mota daga man da ya ƙone yake fitowa, man kuma ba ya ƙonewa sai gwargwadon iskar da ya tarar. Aikin turbo shi ne ƙara wa wutar nan iska, kamar zuga-zugin maƙeri, sai dai a nan hayaƙin wutar ne da kansa yake yin zugar. Farfela biyu ne a kan shaf ɗaya. Hayaƙin da ke fitowa daga inji yana juya ta baya, ita kuma ta gaba tana zuƙo iska daga waje tana cusa ta ciki da ƙarfi. Wani injiniya ɗan Siwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar dabarar a 1905, amma ba ta shiga ƙananan motocin gas ba sai da Mercedes 300SD ta fito a 1978, Peugeot 604 ta biyo ta a 1979.

Abin da ke ba ni mamaki har kullum shi ne gudun shaf ɗin nan. Inji na juyi 4,000 a minti ana jin ya cika unguwa da ƙara, shi kuwa turbon ƙaramar mota yana haura juyi 150,000 a mintin, gefensa guda kuma yana cikin hayaƙi mai zafin digiri 700 ko fiye. Galibinsu ba su da boris. Shaf ɗin yana yawo ne a kan wani siririn shimfiɗin man inji a cikin bushin na tagulla, ƙarfe bai taɓa ƙarfe ba. Muddin man nan na zuwa da tsabta, iskar da ke shiga ba ta da ƙasa, turbo yakan yi shekaru yana aiki babu ko tari. Shi ya sa ƙwararre ba ya saurin yarda an ce ya mutu.

Mu ɗauki injin da aka sani, 1.9 TDI na Volkswagen, wanda ke cikin Golf da Passat da Sharan da Audi A4. Akasarin Golf da Sharan ɗin da ke lodi a tashoshinmu na fetur ne, amma na gas ɗin ma suna shigowa ta Kwatano da Lome, kuma duk wanda ya laƙanci wannan injin ba zai ɓata a cikin Hilux ko L200 ba.

Tambayoyin ogan ba na cika baki ba ne. Ƙarfin a hankali ya riƙa raguwa, ko farat ɗaya ya ɗauke? Da sassafe take yi ko sai ta ɗau zafi? A ina ka sha mai na ƙarshe, gidan mai ko jarka? Yaushe rabonka da juye? Wa ya taɓa ta kafin ni? Abin da ya zo a hankali toshewa ce, ta filta ko ta kunkunniya. Abin da ya zo farat ɗaya, wani abu ne ya fashe, ya cire, ko ya tsinke. Sai kuma tambayar da ta fi kowace nauyi: "In ka kashe ka sake tayarwa, ƙarfin yana dawowa?" In direba ya ce, "Wallahi kuwa, Oga, sai ta koma garau, sai na sake taka ta a hawa ta kuma ɗaukewa," to rabin aiki ya ƙare. Ƙarfen da ya karye ba ya haɗewa don an murɗa makulli. Kwamfutar motar ce, wadda 'yan gareji ke kira birenbos, ta ga matsin iska ya kauce daga inda take so na 'yan daƙiƙu, ta rage mai da gangan don kada inji ya illata, ta bar motar tana ɗingishi har a kai gida. Saura a gano abin da ya tsorata ta.

Daga nan sai titi. Ogan zai karɓi tuƙi, ya sa yaronsa a kujerar baya yana leƙen salansa ta gilashi. Zai sa giya ta uku, ya bari allurar juyin inji ta sauko wajen 1,500, sannan ya danne totur har ƙasa ya riƙe. Lafiyayyen TDI yakan ɗan yi jim, da allura ta kusa 1,900 sai ka ji kujera ta turo ka ta baya. Rediyo a kashe, gilashi a ɗan sauke. Siririn fito da ke tashi tare da allura lafiya ce. Huci mai ƙarfi da ke zuwa in an taka ya ɗauke in an saki, iska ce ke tsira ta wani wuri. Kukan jiniya kuwa, shi ne wanda ke sa fuskar bakanike ta canja, don sau da yawa farfela ce ta fara gogar gidanta ko ta rasa daidaito.

"Me ka gani?"

"Baƙi ne, Oga, sosai."

A nan ne ake raba mai ilimi da mai haddar sunayen kaya. Kowa ya san shuɗin hayaƙi man inji ne ke ƙonewa, fari kuma ko gas ne da bai ƙone ba ko ruwa ya shiga silinda. Baƙin hayaƙi da rashin hayaƙi su ne masu labari. Bayan iyakilina, wato filtar iska, akwai wata sensa da ke auna iskar da ta wuce, ta gaya wa kwamfuta, ita kuma ta ba da mai daidai da wannan awon. To in iskar ta wuce sensa, an ƙirga ta, sannan ta zurare ta wani tsagaggen tiyo kafin ta kai inji, kwamfuta ba ta sani ba. Za ta zuba man iskar da babu ita, man ya fito baƙi ƙirin. In kuwa sensar ce ta gaji tana faɗin ƙasa da abin da ya wuce, kwamfuta za ta yi rowar mai, motar ta rasa ƙarfi, salansa kuma tas, ko ɗigon hayaƙi babu. Rashin ƙarfi iri ɗaya, hanyoyi biyu mabambanta, kuma yaron da ke kujerar baya ne ya nuna wadda za a bi.

Da sun tsaya, ogan yakan zagaya tayoyi yana kara bayan hannunsa kusa da kowane wili ba tare da ya taɓa ba. Birkin da ya kama yana cinye ƙarfin mota ya bar zafi a wili ɗaya. Kuloc mai sulɓi kuma tun a hanya ya tona kansa, allurar inji na tashi gudun mota na nan inda yake. An sha kwance turbo saboda waɗannan biyun.

Sai iyakilina. A wannan yanki namu ba ƙaramin abu ba ne, musamman da hunturu, lokacin da iska ke kwaso ƙurar Bodele ta ƙasar Chadi ta shimfiɗa mana ita har cikin kwanon abinci. Filtar da aka yi wa lissafin hanyoyin Jamus ba ta kai ko kusa da wannan lissafin a hanyar Gaidam ko Illela. Al'adar da aka saba ita ce a buga ta a jikin taya, a hure ta da iskar mai faci, a mayar. Iskar kwamfaresa tana yaga takardar yagewar da ido ba ya gani. Ogan ba ɓangaren datti yake dubawa ba, kowa ya san da datti a can. Yatsa yake zurawa cikin bututun da ke bayan filtar, inda ya kamata ya kasance fes, ya shafo ya duba. In ya fito da garin ƙasa, ya san turbo ya daɗe yana cin ƙasa, kuma ya san abin da zai tarar in ya kai gare shi.

Iskar da turbo ya matsa takan yi zafi, don haka sai ta bi ta intakula, wani ƙaramin lagireto da ke sanyaya ta, kafin ta shiga inji. Tsakanin nan akwai tiyo da bututu da kilif masu yawa, wasu a can ƙasa inda duwatsu da kututture ke dukansu. Iskar cikin su tana ɗauke da ɗan tururin mai, kuma wannan ba aibu ba ne, haka injin yake. Amfaninsa ga bakanike shi ne duk inda iska ke tsira sai ta bar tabon mai, ƙura ta manne a kai. Yana bin bututun da fitilar waya yana neman wurin da ya jiƙe ya yi baƙi. Sai dai wata tsagar tana ɓuya a ƙarƙashin kilif, ba ta buɗe baki sai an taka mota, in inji na tsaye ko ka matsa da hannu ba za ka gan ta ba. Maganinta wata 'yar toshiya ce da ogan ya ƙera da kansa, murfin bututun roba da ya huda ya sa masa bawul ɗin taya. Zai toshe bakin hanyar, ya ba ta iska kimanin ba ɗaya a ma'aunin matsi, ba fiye ba, ya sa yaro ya bi mahaɗai da ruwan omo a gora. Inda kumfa ya tashi, nan ne. Tiyo ɗaya da kilif biyu, an wuce wurin.

In hanyar iska ta fita da gaskiyarta, sai a ɗauko na'ura. A ƙasan dashbod akwai soket mai ramuka 16 inda ake jona ta. Yanzu kusan kowane gareji na da ita, har da masu haɗawa da waya, amma mallakar ta daban, karanta ta daban. Lamba P0299 na nufin matsin iska bai kai ba, P0234 na nufin ya wuce. Wanda ke gaggawa da ya ga kalmar turbo a rubuce a gefen lambar shi ke nan ya samu shaida. Alhali lambar kukan kwamfuta ne kawai, ta faɗi abin da ta gani, ba ta faɗi wanda ya jawo ba. Ogan yakan fara da abu mai sauƙi. Ya buɗe makulli ba tare da ya tayar ba, ya duba abin da sensar matsi ke faɗa. Tunda inji bai tashi ba, dole ta faɗi nauyin iskar garin, wajen miliba 950 a Kano, wajen 880 a Jos da ke kan tudu. In ta faɗi wani abu can daban, mai ba da shaidar ne ke ƙarya. In ta yi daidai, sai a koma titi, yaro na riƙe da na'ura yana karanto lambobi biyu da ƙarfi: abin da kwamfuta ta nema, da abin da ta samu. A cikakken taku tana neman kusan 2,000. In samu ya tsaya a 1,300 ya ƙi motsi, ba a tura turbo yadda ya kamata. In ya yi tsalle ya haura 2,300 ya maƙale a can, sannan mota ta ɗauke, ba ƙarfi turbo ya rasa ba, yawa ya yi masa, an kasa tsayar da shi.

Wannan ya kawo mu wurin da na fi son kallo. Yawancin waɗannan injina suna da turbo mai 'yan fukafukai a ciki. An jera su zobe guda kewaye da farfelar hayaƙi, kowanne bai kai farcen babban yatsa ba. In inji na tafiya a hankali, hayaƙi kaɗan ne, sai fukafukan su tsuke hanya, hayaƙin ya fita da gudu ya juya farfela da wuri. In inji ya ɗau wuta, hayaƙi ya yi yawa, sai su buɗe don kada matsi ya wuce kima. Abin da ke motsa su wani ɗan sanda ne da ke fitowa daga wani gwangwani a jikin turbo, cikin gwangwanin akwai fatar roba da sifirin. Ba tura fatar ake yi ba, zuƙo ta ake yi. Injin gas ba ya samar da zuƙo da kansa yadda na fetur ke yi, don haka aka ba shi famfo na musamman, kuma famfon nan ɗaya shi ke taimakon birki. Tsakanin famfo da gwangwani akwai ɗan bawul na lantarki, Volkswagen na kiran sa N75, shi kwamfuta ke buɗewa da rufewa sau da yawa a daƙiƙa. Duk wannan an haɗa shi da siraran tiyo masu rigar zare, waɗanda ba su kai kaurin fensir ba, kuma shekara 20 ke nan suna gasuwa a gefen inji.

Ogan zai cire tiyon gwangwani ya jona ɗan famfon hannu mai agogo. Wanda bai da shi, na ga ana yi da babban sirinji. Yana matsawa a hankali, idonsa ba a kan agogo kaɗai yake ba, yana kan sandan. Lafiyayye yakan fara motsi da wuri, ya tafi sumul kimanin santimita ɗaya, ya dunguri mazauninsa. Sai ya daina matsawa ya jira. In allurar agogo ta tsaya cak, fatar ciki lafiya. In ta riƙa sulalewa ƙasa, fatar ta huje. Sannan ya saki, ya ga ko sandan zai koma da kansa. In ya tafi da tsalle-tsalle, ya tsaya a tsakiya, sai an taɓa shi da sukuddireba ya ƙarasa, kunkunniya ce ta cika zoben fukafukan. Wannan ciwon motar cikin gari ne, wadda kullum tana cikin cunkoso, ana barin ta a kunne a ƙofar gida ana shan sanyin esi, ba ta taɓa samun doguwar hanyar da hayaƙi zai yi zafin ƙone dattinsa ba. Sau da yawa ma ba a kai nan. Yana bin siraran tiyon da yatsu sai ya ji ɗaya ya ruɓe a ƙarƙashin rigarsa. In direba ya ambaci cewa birki ma ya ɗan yi tauri kwanan nan, ogan ya riga ya san a layin zuƙo matsalar take.

Fukafukan da suka maƙale ba sa bukatar sabon turbo, wanki suke bukata, wankin kuma na mai haƙuri ne. A sauke turbo, a jiƙa kusoshin gefen hayaƙi da mai tun dare don tsatsa ta sake su, a yi alama da ƙusa a inda gida ya haɗu da gida, a buɗe a kan tire don kada 'yan rolar zoben su gangara cikin ƙasa. A kankare, a goge, har zoben ya riƙa juyawa da ɗan yatsa. Akwai wani ƙaramin sukuru mai goro da ke tsayar da sandan, an saita shi tun daga masana'anta da injin awo, ogan ba ya kusantar sa, kuma yakan gargaɗi yaransa a kai. Gajeriyar hanya tana nan ga mai so: a rage tsawon sandan, ko a haɗa tiyon zuƙo kai tsaye a tsallake bawul. Motar za ta tashi da ƙarfin da zai sa mai ita ya yi kyauta. Bayan 'yan makonni gasket ɗin kan inji ne zai biya.

Sensar iska gwajinta na minti biyu ne. A zare soket ɗinta a zagaya. Kwamfuta in ta rasa ta sai ta koma kan wani lissafi da ta ajiye, in motar ta fi ja a haka, sensar ce. Abin lura kawai shi ne jabunta sun cika kasuwa, a kwali mai sunan Bosch, kuma sabuwar jabu na iya fin tsohuwar ƙarya.

Akwai kuma bawul ɗin EGR, wanda ke mayar da wani kaso na hayaƙi cikin inji don rage zafin ƙuna da gubar da ke fita. Hayaƙin nan na ɗauke da kunkunniya, ta haɗu da tururin man da muka ambata, su zama wani baƙin kwaɓi da ke taruwa a manifol shekara da shekaru, har hanyar da ƙwai zai iya wucewa ta koma sai yatsa. Ba a kankare shi a jikin mota, don ɓarɓashin zai faɗa silinda. Sauke shi ake yi gaba ɗaya, kuma wanda aka ba wannan aikin a ranar ba ya cin abinci da hannu.

Ɓangaren mai ba shi da wuyar bi. A kwance ƙasan filta a tara a kwalba, in da ruwa zai kwanta a ƙasa. A dubi farin tiyon da ke zuwa famfo ko kumfa na bi. In ana shakkar tanki, a ba injin gas mai kyau daga galan kai tsaye a ji bambanci. Gas ɗin jarka da aka sirka da kananzir ba shi da santsin da famfo ke bukata, a hankali yake cinye shi. Ga kuma sulfa: a 2016 ƙungiyar Public Eye ta Siwizalan ta auna gas a ƙasashen Afirka 8, ta samu wani na Mali ya ninka abin da Turai ta yarda da shi sau 378. An matse dokoki tun daga lokacin, amma tsofaffin motocin nan sun riga sun sha rabonsu, kuma sulfa na gajiyar da man inji da wuri. A sababbin injina irin D-4D na Hilux, gas na zaune a bututu ɗaya da matsin da ya haura ba 1,300. A nan ogan kan ɗaga murya: kada wanda ya nemi yoyo da hannu, don man na huda fata ya shige. Kwalabe huɗu yake jerawa, ya jona kowace da tiyon da ke mayar da rarar mai daga nozul ɗinta, ya tayar. Kwalbar da ta riga sauran cika, nozul ɗinta ne ke zubar da matsi. Salansa ma takan toshe, musamman a motoci masu matatar hayaƙi. A ɗan sassauta mahaɗar bayan turbo a gwada, in numfashi ya dawo an gane.

Sai bayan duk wannan yake taɓa turbo, kuma sai inji ya huce. Ya cire tiyon gaba, ya haska, ya kama kan shaf da yatsu biyu. Ya girgiza gefe da gefe: ɗan motsi kaɗan dole ne, tunda man da shaf ke hawa ba ya nan in inji na kashe, abin da ba a so shi ne farfela ta taɓa gidanta. Ya ja ciki da waje: nan kusan kada a ji komai. Da yawan lafiyayyun turbo an yar da su don wani ya ji motsin gefe ya ce ya mutu. Haka nan man da aka gani a bakinsa ba hujja ba ce. Abin da ke tare mai a cikin turbo 'yan zobban ƙarfe ne, ba roba ba, kuma suna aiki ne muddin man na samun hanyar komawa ƙasa. In bututun komawar ya toshe, ko ringin inji ya gaji yana hura iska cikin tukunyar mai, man zai rasa mafita ya biyo ta turbo. Shi ya sa ogan ke kwance murfin mai inji na aiki, ya ɗora shi a bakin ya ga ko zai zauna ko hucin ciki zai yi ta cilla shi.

Wani lokacin kuwa da gaske ya mutu. A nan ma ogan ba ya aika a sayo, sai ya buɗe gawar ya karanta. Bakin fukafukan farfela ya cinye ya yi gautsi, ƙasa ce ta shigo. Sun lanƙwashe ko ɗaya ya ɓalle, wani abu ya haɗiya, goro ko guntun tsumma da aka manta a bututu. Shaf ya yi shuɗi, mai ne ya yanke masa ya yi zafi. Shaf ya yi zane-zane, man na zuwa amma da datti. Kowanne na nuna wani wuri a jikin motar da ba turbo ba, kuma in ba a je can ba an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Bututun da ke kawo mai siriri ne, yana wucewa kusa da zafi, cikinsa kan cika da ƙonannen mai, don haka sabo ake sa wa. A sauke tukunyar mai a duba rariyar da famfo ke zuƙa ta cikinta, inda ake tarar da gawayi da guntayen gam ɗin da wani ya lafta a madadin gasket. A bakin bututun man turbo ba a sa gam ko kaɗan.

Intakula kuma sai an sauke an zubar an wanke, kuma wannan ba don tsabta ba ne. Turbon da ya mutu yakan tara man inji a cikinta, injin gas kuwa yana iya ƙona man inji yadda yake ƙona gas. In sabon turbo ya kwashi man nan ya tura, inji zai tashi da kansa, ya yi ta hauhawa cikin farin hayaƙi, ka zare makulli ka riƙe a hannu bai san kana yi ba. Hanyar tsayar da shi ita ce a taka birki, a sa babbar giya, a saki kuloc ya shaƙe, ko a rufe bakin iska da faffaɗan katako. Ba da tafin hannu ba, ba da tsumma ba.

Ɗaurawar ma da ladabinta. Sabon man inji, sabuwar filta, sabon iyakilina. Kafin ya jona bututun mai, ogan zai ɗiga mai a ramin turbo, ya juya farfela da yatsa har ya ratsa. Zai hana inji tashi, ya yi ta ba shi sitata har fitilar mai ta mutu, sannan ya bar shi ya tashi ya yi 'yan mintuna ba a taɓa totur ba, shi yana kwance a ƙasa da fitila yana duban mahaɗai. Sai a koma titin nan, giya ta uku, yaro na karanto lambobi biyu har ya ji suna tafiya tare.

Wajen miƙa makulli yakan ce, "Alhaji, in ka tayar da safe ka ba ta ɗan lokaci kafin ka taka. In kuma ka sha doguwar hanya, ko ka hau Hawan Kibo da kaya, kada ka kashe ta nan take, ka bar ta minti 2." Dalilin shi ne da inji ya tsaya famfon mai ya tsaya, alhali gidan hayaƙin turbo na nan da zafinsa, sai ɗan man da ya rage a bushin ya soye ya zama gawayi. Sannan ya ɗauki maka ya rubuta kilomitar ranar a murfin iyakilina, ya ce a dawo masa da ita bayan kilomita 1,000 a sake juye, a kuma sake zura yatsa a bututu.